Rigar ɗorawa ta bazara: yadda na saƙa tawa da kwarashi

Duk wadda ke aiki a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Kano ta san abin da zan faɗa. Ki fito daga gida ƙarfe bakwai da rabi a watan Afrilu, ki shiga adaidaita sahu, kafin ki hau gadar Ƙofar Nasarawa bayan rigarki ya jiƙe sharkaf. Ki isa wurin aiki, ki zauna a kujerar da esi ke hura wa kai tsaye, kafin azahar damatsanki sun yi sanyi ƙalau, hanci ya fara yoyo. Gyale ba ya tsayawa a kafaɗa in kina aiki da kwamfuta. Suwaitar hunturu kuwa ta yi nauyi, ba ta shiga jaka, kuma in kika fito da ita waje da rana tsaka sai mutane su ɗauka zazzaɓi kike yi. Abin da nake nema shi ne 'yar riga mai buɗaɗɗen gaba, marar nauyi, wadda zan ɗora a kan atamfa in na shiga, in ninke ta in jefa a jaka in na fita. Na duba a gwanjo, na duba a shagunan kaya, duk wadda na ɗaga ta sanyin ƙasashen Turai ce. Daga nan na ce bari in saƙa da hannuna.

Ba daga sama na faɗo cikin saƙa ba, amma ba gwana ba ce. Gwaggona, yayar mahaifinmu, ita ce mai kwarashi a danginmu. Babu jaririn da aka haifa a gidanmu da bai sa hula da safar hannunta ba ranar suna, kuma kujerun ɗakinta har yau da 'yan fararen shimfiɗu a kan kowace. Ina da shekara goma ta koya mini sarƙa a wani dogon hutu, na yi ta jan sarƙa kamar igiyar guga, hutu ya ƙare na ajiye. Sai bayan shekara ashirin da wani abu na sake riƙe kwarashi. Saboda haka wannan rubutun na masu farawa ne irina, waɗanda hannunsu bai faɗa ba tukuna.

Turawa na kiran irin wannan riga kadigan. Sunan wani basaraken Ingila ne da ya jagoranci mayaƙan doki a yaƙin Kirimiya a 1854, kuma rigar ulu ce ta sojojin da ke fama da sanyi. Na kawo wannan ne don ki gane cewa asalinta domin ɗari aka yi ta. In kina so ta yi miki aiki a garin da zafi ke kai digiri 40 a bazara, dole ki canza mata abu biyu: zaren da irin saƙar. Na farkon shi ne inda na yi asara.

Na je shago na ce a ba ni zaren saƙa, aka miƙo mini irin wanda kowa ya sani, mai laushi, mai kala masu ɗaukar ido, ga araha. Na ɗauki ruwan hoda dunƙule shida. Mako biyar ina saƙa kowane dare bayan isha'i. Ranar da na gama na sa ta na tsaya gaban madubi, raina fes. Washegari na tafi da ita aiki. A cikin ofis babu laifi. Amma da aka ɗauke wuta na ɗan lokaci, ko minti goma ba a yi ba na ji kamar an naɗe ni a leda. Zufa ta rasa hanyar fita, ta tsaya tsakanin fata da riga, da yamma sai ga ƙurajen zafi a gwiwar hannuna. Na ji ciwon abin sosai, don mako biyar ba wasa ba ne ga mai aiki da yara.

Ranar Asabar na ɗauki rigar na tafi cikin gari wurin Gwaggo. Ta karɓa ta murza tsakanin yatsu biyu, ba ta ce komai ba. Ta ce wa jikarta ta miƙo mata ashana. Ta yanki guntun zare daga ragowar dunƙulen, kamar tsawon ɗan yatsa, ta riƙe da bakin almakashi a kan faranti ta kunna masa wuta. Zaren ya nannaɗe yana gudun wutar, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi mai warin roba, ya bar wani ɗan dunƙulen baƙi mai tauri. Sai ta zaro zare ɗaya daga gefen wani tsohon farin ƙyalle ta ƙona shi ma. Wannan ya ci da wuta sarai kamar takarda, warinsa ma na takarda, abin da ya rage toka ce mai laushi, ta hura ta tashi.

Ta ce, “Kin gani, 'yar nan? Wancan roba ce. Roba kika saƙa kika sa a jikinki da bazara. Na jarirai da hunturu ake yi da shi. Ki je ki nemo auduga.”

Na ce, “Gwaggo, ai laushinsa ne ya ruɗe ni.”

Ta ce, “Laushi a hannu daban, sanyi a jiki daban.”

Daga baya na karanta dalilin. Zaren akrilik daga sinadaran man fetur ake yin sa, kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, kuma yana riƙe ɗumi, shi ya sa ya dace da sanyi. Auduga kuwa tana tsotse zufa ta sake ta ga iska. Wannan gwajin na ashana shi ne abu mafi amfani da zan ba ki a duk rubutun nan, sai dai ki yi shi a kan faranti ko tire, nesa da mayafi da yara, da ruwa a kusa. Zaren da ya narke yana manne wa fata.

Da na koma kasuwa na riga na san abin da nake so. Kowane dunƙule mai kyau yana da takarda a ɗaure a tsakiyarsa, kuma komai na rubuce a kai. Kalmar cotton ita ce auduga, acrylic ita ce robar. Ki nemi wanda aka rubuta auduga ce ɗari bisa ɗari, ko wanda aka haɗa auduga da zaren gora ko lilin, duk suna da sanyi. Akwai wani da ya cika shaguna yanzu, ana ce masa milk cotton, sunan na sa mutum ya ɗauka auduga ce zalla. Wanda na ƙona a gida ya narke. Kada ki dogara da suna, ki sayi dunƙule ɗaya ki gwada kafin ki sayi sauran. Mai shagon da na samu na gaskiya a wurinsa dattijo ne, da ya ji abin da nake nema sai ya sa yaro ya hau sama ya sauko da wani kwali da ƙura ta rufe, ya ce, “Hajiya, wannan ba a cika tambayarsa ba, ya fi tsada, amma shi ne abin da kike faɗa.” Ya fi tsada kam. Araha ba ta ado, na riga na gani da idona.

A jikin takardar akwai lambar kaurin zare, daga 0 zuwa 7, sifili ya fi kowanne siranta, bakwai ya fi kauri. Don rigar bazara lamba 2 ko 3 ce daidai. Lamba 4 a auduga za ta yi miki nauyi kamar darduma, lamba 1 kuma za ta yi kyau ƙwarai amma mai farawa za ta gaji kafin ta kai rabi. Na ɗauki lamba 3, dunƙule mai giram 50, guda takwas, na yi amfani da bakwai. Akwai kuma wata lambar ta daban, ta tukunyar rini. Ki tabbata duk dunƙulen lambarsu ɗaya ce, ki saye su rana ɗaya. Kala ɗaya daga tukunya biyu a shago ba za ki ga bambanci ba, sai kin fita rana ki ga rabin bayan rigarki ya fi rabi duhu. Wasu zaren audugar suna da ɗan sheƙi da santsi saboda an wanke su da sinadari a masana'anta, dabarar da wani Bature mai suna John Mercer ya gano a 1844. Irinsu sun fi daɗin aiki ga mai koyo domin ba sa rarrabewa a bakin kwarashi. Kala kuma ki zaɓi mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙasa ko toka mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu ba za ki ga idon saƙar ba da dare, musamman da fitilar caji.

Kwarashi na ƙarfe, mai lamba 4, wato milimita huɗu, shi na yi aiki da shi, da wani 3.5 don baki. Na roba yana kama auduga in hannu ya yi gumi. Sauran kaya: tef ɗin tela, almakashi, allura mai faɗin kafa da dakusasshen baki, da guntayen zare na wata kala don alama. Ko ki riƙe kwarashin kamar biro ko kamar wuƙar yanka albasa, duk wanda hannunki ya so. Ni riƙon wuƙa nake yi, Gwaggo na biro, ba mu taɓa daidaitawa a kai ba.

Saƙa iri uku kaɗai rigar ke buƙata. Sarƙa, wadda kowa ke farawa da ita: ki yi ƙullin zarge a kan kwarashi, ki naɗa zare, ki jawo ta cikin zoben, ki maimaita. Sai wadda Gwaggo ke kira gajeruwa: ki soka kwarashi a ido, ki jawo zare, zobe biyu ke nan a kai, ki naɗa ki jawo ta cikin duka biyun. Sai doguwa, wadda ita ce jikin rigar baki ɗaya: ki fara naɗa zare, ki soka, ki jawo, zobe uku, ki naɗa ki jawo ta biyu, ki sake naɗawa ki jawo ta biyun da suka rage. In kina koyo ta bidiyo a YouTube ki lura da wani tarko. Amurkawa da mutanen Ingila ba su kiran saƙa da suna ɗaya. Doguwar nan Amurkawa na rubuta ta dc, Ingila kuma tr, kuma abin da Ingila ke rubutawa dc shi ne gajeruwarmu. In kika ɗauki umarnin ɗaya kika bi da hannun ɗayan, rigar za ta fito rabin tsawonta.

Adon da na zaɓa shi ne raga: doguwa ɗaya, sarƙa ɗaya, ki tsallake ido ɗaya, doguwa a na gaba. Sai saƙar ta fito da 'yan tagogi a jere kamar ragar kamun kifi. Iska na ratsawa, zare bai ci da yawa, aiki na sauri, kuma ƙirga tagogi ya fi ƙirga ido sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai ado masu kyau da suka fi wannan, masu furanni da ganye. Ki bar su zuwa riga ta biyu.

Yanzu ga wurin da nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau, domin shi ne kowa ke son tsallakewa. Kafin ki fara riga, ki saƙa ɗan ƙyallen gwaji, faɗi da tsawo kamar santimita goma sha biyar. Na san zumuɗi. Zare sabo, kwarashi sabo, ga hoton rigar a kanki, sai a ce ki ɓata yamma guda kan ƙyallen da ba za ki sa ba. Amma hannun kowa daban ne. Ni ina matse zare, Gwaggo tana sake shi. Mun gwada da zare ɗaya da kwarashi ɗaya, sarƙa iri ɗaya, nata ƙyallen ya fi nawa faɗi da kusan yatsu biyu. A ɗan ƙyalle ke nan. A faɗin baya, wannan bambancin zai iya mayar da rigarki ta ƙanwarki ko ta mijinki. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ta kwafi adadin sarƙar da wata mata a Amurka ta faɗa a bidiyo. Zarenta ba naki ba ne, hannunta ba naki ba ne, jikinta ma haka.

In kin gama ƙyallen, ki wanke shi kamar yadda za ki wanke rigar, ki shimfiɗa shi a kan tawul ya bushe, sannan ki auna. Auduga takan canza bayan wanki na farko. Ki ɗora tef a tsakiyarsa, ba a gefe ba, ki ƙirga taga nawa ke cikin santimita 10 a kwance, layi nawa a tsaye. Nawa ya ba ni taga 9 da layi 8. Ki taɓa shi kuma ki ji. In ya yi tauri yana tsayawa da kansa kamar faifai, kwarashinki ya yi ƙanƙanta, ki ƙara rabin lamba. Rigar bazara ana so ta zubo ne a jiki kamar mayafi.

Da wannan lissafin komai ya zama wasan yara. Rigar gaba ɗaya ƙyalle biyar ce masu kusurwa huɗu: baya ɗaya, gaba biyu, hannu biyu. Babu ragi, babu ƙari, babu yankan wuya ko hammata. Na auna ƙirjina ya ba ni santimita 98, na ƙara 12 don ta yi walawa a kan atamfa, ya zama 110, rabinsa 55, shi ne faɗin baya. Tunda taga 9 ke cika santimita 10, santimita 55 na son taga 50. Ƙa'idar sarƙar farawa ita ce ki ninka adadin taga sau biyu ki ƙara huɗu, wato 104 a wurina. Doguwar farko ki sa ta a sarƙa ta shida daga kwarashi, wannan ya ba ki tagar farko. Daga nan sarƙa ɗaya, tsallake ɗaya, doguwa, har ƙarshe. Kowane sabon layi ki yi sarƙa huɗu, ki juya, ki sa doguwa a kan doguwar da ke ƙasa, sarƙa ɗaya, doguwa a kan ta gaba. Sarƙar farawar ki yi ta sake-sake, ko ki yi ta da kwarashin da ya fi girma, in ba haka ba gindin rigar zai tsuke ya bar sama a buɗe.

Gaba biyun na yi kowanne taga 18, sarƙa 40 ke nan. In aka jera su a kan baya sai taga 14 su rage a tsakiya, nan ne wuya. Hannu kuma taga 36, sarƙa 76, layi 20, ya kawo mini gwiwar hannu tunda kafaɗar rigar na saukowa ƙasa. In lissafi na ba ki tsoro, ki ɗauko rigar da kike jin daɗinta a jiki, ki shimfiɗa a tabarma, ki riƙa ɗora saƙarki a kai kina gwadawa. Haka Gwaggo ke yi tun kafin a haife ni, ba ta taɓa riƙe tef ba.

A tsawo na yi kuskure ɗaya da nake so ki kauce masa. Ina son santimita 60, na yi layi 48 kamar yadda lissafi ya nuna. Amma auduga na da nauyi kuma ba ta komawa in ta miƙe, saƙar raga kuma ta fi kowace saurin zubowa. Bayan mako biyu ina sawa, rigar ta ƙara kusan yatsu uku. Ba ta lalace ba, amma da na sani da layi 44 na yi.

Abin da ya fi ba ni wahala a makon farko shi ne gefe. Na kai layi na goma sha biyu na shimfiɗa bayan a kan gado, sai na ga yana tsukewa sama kamar siket. Na ƙirga, taga 46. Huɗu sun ɓace ban san inda suka shiga ba. Na kira Gwaggo a waya, ban gama bayani ba ta ce, “Ta ƙarshe kike mantawa.” Haka ne kuwa. Sarƙa huɗun nan da kike yi a farkon layi, uku daga ciki doguwa ce, ɗayar kuma rufin taga. In kin dawo ƙarshen layi na gaba, dole doguwarki ta ƙarshe ta shiga sarƙa ta uku a cikinsu. Da yake tana lanƙwashewa gefe, ido ba ya ganinta, sai ki ɗauka kin gama ki juya. Maganin shi ne da zarar kin yi sarƙa huɗun, ki ɗaura guntun jan zare a ta ukun, in kin zagayo ki san inda za ki soka. Kuma ki ƙirga tagoginki a ƙarshen kowane layi har sai hannu ya saba. Na warware layi tara a daren nan. Warwarar kwarashi ba ta da wuya, ki zare ƙarfen ki ja zare, yana tahowa. Zuciya ce ke jin nauyin abin. Amma layin da kika bari da kuskure, kullum kika sa rigar nan idonki zai fara sauka.

Saƙa da bazara na da nata sharuɗɗan. Hannu na gumi, zare ya ƙi tafiya, kala mai haske kuma ta ɗauki datti. Nakan wanke hannu da sabulu kafin in zauna, ba na shafa mai, kuma ranar da na yi girki da manja sai na wanke sau biyu. Dunƙulen nakan jefa shi a cikin kwanon silba mai zurfi don kada ya yi ta birgima a ƙasa yana kwasar ƙura. Da yake auduga ba ta da talewa kamar ulu, tana gajiyar da wuyan hannu da babban yatsa. Layi huɗu ko biyar, sai in ajiye in miƙe yatsu. Lokacin da ya fi mini shi ne bayan la'asar a tsakar gida, inuwa ta sauko, haske na nan, yara na wasa. In dunƙule zai ƙare, ki haɗa sabo a gefen layi, ki bar jela kamar tsawon tafin hannu a kowanne. Kada ki ƙulla a tsakiya, a raga babu inda ƙulli zai ɓuya.

Haɗawa yini ɗaya ta ɗauke ni. Ki shimfiɗa baya, ki ɗora gaba biyun a kai fuska da fuska, ki ɗinke kafaɗu da allura da zaren rigar, taga da taga. Ki buɗe ta a tabarma, ki nemo tsakiyar ƙyallen hannu ki daidaita shi da ɗinkin kafaɗa, santimita 20 ta gaba, 20 ta baya, ki ɗinke. Sai ki ninke rigar ki ɗinke daga bakin hannu zuwa hammata zuwa ƙasa a tafiya ɗaya. Kada ki ja zaren ɗinkin da ƙarfi. Daga nan sai baki: da ƙaramin kwarashin ki fara daga ƙasan gaba ɗaya, ki hau, ki zagaya wuya, ki sauko ɗayan, gajeruwa biyu a gefen kowane layi, ɗaya a kowane ido na wuya. Layi biyar na yi. Bakin nan ba ado kaɗai ba ne, shi ke riƙe gaban kada ya zube. Ban sa maɓalli ba.

Wanki da hannu, ruwan sanyi, sabulu kaɗan. Kada ki murɗe ta, ki naɗe a tawul ki danna. Kada kuma ki rataye ta jiƙe a igiyar shanya ko a hanga, nauyin ruwan zai ja ta har gwiwa. Ki shimfiɗa ta a inuwa ki gyara mata siffa da hannu. A zafin Kano kafin magariba ta bushe.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar da na karanta takardar dunƙulen nan na ga daga ƙasar waje aka kawo shi. Kakarmu, mahaifiyar Gwaggo, kaɗi take yi. Na tashi na ga mazarinta da allinta a cikin taskira, Gwaggo na ba mu labarin yadda ake gurza auduga a fitar da iri, a shiɓe ta, a kaɗa zare da abawa a kai wa masaƙa. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta ciyar da masaƙun Kaduna tun daga 1957 da aka buɗe ta farko a Kakuri, yau galibinsu a rufe suke. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin auduga kala-kala domin ƙasarmu. Amma mace a Kano tana neman zaren auduga na saƙa sai an hau sama an sauko mata da kwali mai ƙura daga wata nahiya. Ina fata in ga ranar da zan sayi dunƙulen da aka noma a Katsina aka kaɗa a nan. Na tambayi Gwaggo ko abawar hannu za ta yi kwarashi, ta ce za ta yi in an murɗa biyu a haɗe, sai dai samun mai kaɗin yanzu shi ne aiki.

Wani abin da auduga ta buɗe mini ƙofarsa shi ne rini. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, har yanzu da baba da toka da kanwa suke aiki, kuma baba na kama auduga, ba ya kama akrilik. Riga ta biyu da nake kai yanzu da farin zare nake yin ta da gangan. In na gama zan kai ta a tsoma mini shuɗi mai duhu, wanda da ba zan iya saƙawa da shi da dare ba. Ƙyallen gwajinta zan fara kaiwa in ga yadda zai sha rinin da ko zai tsuke, kuma na san wankin farko da na biyu sai ita kaɗai a bokiti, domin shuni na zuba.

Ta audugar farkon, mai ruwan madara, mako huɗu ta ɗauke ni har da daren warwara. Tana shiga jakata tare da abincin rana, kuma ranar da aka yi ruwan farko na damina na sa ta da yamma a tsakar gida. Mata biyu a ofis sun tambaye ni inda na saya. Da na ce saƙawa na yi, ɗaya ta ce ai ta ɗauka inji ne. Na gaya mata suwaitar kanti inji ke yi, amma saƙar kwarashi ta ainihi har yau da hannu ake yin ta.

Da na kai wa Gwaggo, ba ta dubi gaban ba. Ta juya rigar ciki ya koma waje, ta sa tabarau, ta bi ɗinkin hammata da ɗan yatsa, ta ja kafaɗa ta ga ko za ta buɗe. Ta samu jelar zare uku da na yanke gajeru ban ɓoye ba. Ta ce in miƙo allura. Ta nuna mini yadda ake saƙa jelar a cikin jikin doguwa, a tafi sama kamar yatsa biyu, a juyo a dawo ta wata hanyar, sannan a yanke. Ta yi ɗaya, ta miƙo mini in yi sauran biyun a gabanta. Da na gama ta ɗora rigar a kafaɗarta a kan zanenta, ta motsa hannu, ta ce, “Wannan ba ta da nauyi. Ta uku tawa ce, ki yi mini hannun ya kai wuyan hannu, kuma ruwan toka nake so.” Na ɗauko tef daga jaka na auna ta a nan inda take zaune.